Tarihin Tsaga da Jarfa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Ya ku 'yan makaranta, wanda duk ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya yada zango a Tambuwal, ko ya gangara kudu ya shiga kasuwar Kebbe, zai ga tsofaffi da zane iri iri a fuska, alhali jikokinsu fuskokinsu sumul. To, wannan abu yana da tarihi, ya kuwa kamata mu san shi tun masu shi ba su ƙare ba.

Ƙasar nan mahaɗar jama'a ce tun fil azal. Akwai Kabawa, jama'ar Kanta wanda ya gina Surame a ƙarni na 16, akwai Zamfarawa daga gabas, da Gobirawa da Arawa daga arewa, ga Fulani makiyaya, ga kuma Dakarkari can kudu wajen Zuru. Da aka yi jihadi, Birnin Kebbi ya faɗi a 1805, daga baya Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal yana tsaron wannan gefe. A 1849 Kabawa suka ta da kai ƙarƙashin Yakubu Nabame, Argungu ta zama cibiyarsu, aka yi ta kai hari da ramuwa har zuwan Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903. A irin wannan zamani fuskar mutum ita ce takardarsa. In aka kama yaro wajen hari aka sayar da shi nesa, ko ya manta harshen uwarsa tsagarsa ba ta mantuwa, da ita danginsa za su shaida shi su fanso shi. Bagobiri da zubensa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, ba ya bukatar ya faɗi asalinsa.

Tsaga kashi uku ce. Akwai ta gado, wadda a kan yi wa jariri, galibi ran suna, watau kwana bakwai da haihuwa. Akwai ta magani, wadda a kan yi inda ciwo ya ke. Sa'an nan akwai ta ado, irin su kalangu da 'yar baka da jarfa, wadda budurwa kan nema da kanta a fuska ko wuya ko damtse. Duk aikin wanzami ne, ɗan gado, mai zabira da asake, wanda ke ƙarƙashin Sarkin Aska. Zafin abin kuwa ba ɓoyayye ba ne, shi ya sa Hausawa suka ce wanzami ba ya son jarfa.

Amma fa tsagawa rabin aiki ne. Tsaga kafin ta zama ado rauni ce, kyanta da muninta duk suna ga jinya. Da wanzami ya gama, sai ya share jini, ya cusa baƙi a cikin raunin, ko garin gawayi ko baƙin tukunya. Daga nan ragowar aiki ya koma hannun uwa da kaka. Su ne za su riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, su shafa man shanu ko man kaɗanya don kada ya bushe ya tsage, su kori ƙuda, su tsare hannun jariri kada ya yakushe. Budurwa kuwa sai a gargaɗe ta kada ta sosa, kada ta ɓamɓare ɓawon, ta bari ya faɗi da kansa. In wuri ya ƙi kamewa, a kan barbaɗa garin bagaruwa, kamar yadda a kan yi wa 'yan kaciya.

Ilimin likitoci ya nuna mana dalilin da yawa daga cikin waɗannan. Fata hawa hawa ce. Ta sama kullum tana saɓewa tana sabuntawa, shi ya sa lalle da katambiri su kan goge bayan ɗan lokaci. Ta ƙasa kuwa ba ta saɓewa, to, can baƙin jarfa ke zama har mutuwa. Wanda ya ɓamɓare ɓawo tun bai nuna ba, ya fizge baƙin tare da shi, zane ya fito dabbare dabbare. Mai kuwa yana sa fata taushi ta haɗe da sauri, bagaruwa tana da abin da ke tsuke nama, shi ne ma ya sa majema ke jima da ita. Saman rauni ya kan rufe cikin mako biyu zuwa huɗu, amma cikinsa ya fi haka daɗewa. Ashe tsofaffin nan da ba su taɓa shiga aji ba sun lura da kyau.

Sai dai akwai abin da idonsu bai iya gani ba, watau ƙwayoyin cuta. Aska ɗaya ta tsaga yara da yawa, wanki kuwa sai shafa da tsumma. Ƙura da ƙasa suna ɗauke da ƙwayar ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki. Jariri ya ƙi nono bayan 'yan kwanaki, ya sandare, a ce iska ce ko maita, alhali ta rauni ta shiga. Yanzu kuma mun san aska mai jini tana iya kai ciwon hanta da ƙanjamau daga jiki zuwa jiki. Wani kuma fatarsa ba ta son yanka, sai tabo ya yi tudu ya ƙi kwanciya, ado ya koma aibi.

Abubuwa da dama suka taru suka rage al'adar. Malamai sun daɗe suna karantar da hadisin da ya hana jarfa, yana cikin Buhari da Muslimu. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara, harin bayi ya mutu, babban dalilin tsagar gado ya bi shi. Wani Bature, Tremearne, ya rubuta bayanin zanen fuskokin mutanen Nijeriya a 1911, sa'ad da abin ke ko'ina. A 2003 kuwa dokar kare haƙƙin yara ta Gwamnatin Tarayya ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa.

To, ya ku samari da 'yan mata, mene ne namu a ciki? Na farko, kada mu yi wa mai tsaga dariya. Iyayensa don tsaronsa suka yi, ba don ƙeta ba. Mu zauna gaban kakanninmu mu tambayi sunan kowane zane da gidan da ya fito, mu rubuta, gama ran da suka kau littafin ya rufe ke nan. Na biyu, in muka ga an yi wa wani sabuwar tsaga a gida ko a unguwa, mu faɗi abin da muka koya: a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa, a wanke wurin da tafasasshen ruwa da ya huce, kada a sa toka ko ƙasa ko kashin shanu, kada a sosa. In wurin ya kumbura ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko jariri ya kasa kama nono, a ruga asibiti ran nan, kada a kwana. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.