Gwamna Lugga a Ma'aunin Tarihi

Frederick Lugard (1858–1945), wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, shi ne ya ba da umarnin cin Kano. Rundunar Kanar Morland ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, sannan ta shiga birnin Dabo ranar 3 ga Fabrairu, 1903.

Masu yabonsa suna kafa hujja da dokar 1901, wadda ta haramta farautar bayi. Masu sukarsa kuwa suna tuna Satiru, ƙauyen da sojojinsa suka shafe a 1906.

Ana iya kwatanta shi da Firansisko Fizaro, ɗan Sifaniyan da ya kashe Sarkin Inka a 1533. Lugga ya bar sarautu, amma a ƙarƙashin Rasdan. Dokar bayi tana cikin lissafinsa, haka ma jinin Satiru. Ɗaya ba ya goge ɗaya.