Ƙotar Bindiga Mai Baki Biyu: Tsakanin Ado da Ƙarfi

A wannan makon za mu leƙa Landan, mu ga yadda masu hali suke sayen bindigar harbin tsuntsaye mai baki biyu a jere, da dalilin da ya sa zaɓen icen ƙotarta, wato gindinta, ya zama babban al'amari.

A 1814 James Purdey, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin shahararren maƙerin bindiga Joseph Manton, ya buɗe shagonsa a Landan. A 1835 aka kafa gidan da daga baya ya zama Holland & Holland. Zuwa ƙarshen ƙarnin, harbin tsuntsaye ya zama abin yayi a wurin sarakai da attajiran Ingila. Akan koro tsuntsaye su biyo ta saman maharbi, shi kuwa ya ɗaga ya harba cikin ƙiftawar ido. Ba lokacin saiti, don haka dole ƙota ta zauna a kafaɗa da kumatu daidai, inda ido ya kalla nan harbi ya nufa.

Shi ya sa ba a sayen irin wannan bindiga kamar yadda muke sayen fartanya a kasuwa. Sai an gwada mai saye kamar yadda tela yake awon riga, da wata bindigar gwaji da ake ƙara wa tsawo ko a karkata ta. Daga nan a zube masa guntayen katako ya zaɓa.

Icen da ake so shi ne walnat, wata bishiya mai 'ya'ya masu taurin ɓawo. Ba shi da nauyi ainun, yana shanye bugun harbi, kuma yana karɓar sassaƙa ba ya tsagewa. Na Faransa ne ya yi suna da farko, amma ya yi ƙaranci, yau galibi daga Turkiyya ake kawo shi. Bayan an yanka, sai ya shekara da shekaru yana bushewa a inuwa.

A nan jarrabawar take. Katakon da ya fi kyau, mai baƙaƙen zane kamar hayaƙi, daga wajen saiwa yake fitowa, inda jijiyoyin ice suka murɗe. Sai dai ƙota tana da siririn wuya, wurin da hannu yake riƙewa, ga shi kuma an rarake kanta don ƙarfe ya zauna. Idan jijiyar ice ta gitta wannan wuya maimakon ta bi tsawonsa, wata rana ƙota za ta tsage, aikin watanni ya tashi a banza. Masassaƙin kirki yakan juya katako ya duba ta kowane gefe: jijiya miƙaƙƙiya a wuya, ado kuwa can baya inda faɗi yake. Mai saye da ido ya rufe wa hankali yakan tafi da kyakkyawar ƙota wadda ba za ta kai ga jikokinsa ba.

Bayan sassaƙa, a shafa man ice da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, makonni a jere, har zanen ya fito.

Duk wanda a cikinmu ya taɓa ganin masassaƙi yana ƙin wani reshe don ƙotar gatari, ya san wannan hukuncin. Idan za mu sa irin wannan bindiga a hannun wani a labarinmu, mu tuna inda take karyewa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.