Yadda Masu Zaɓen Niyuzilan Suka Ƙwace Linzami Daga Hannun Jam'iyyu Biyu

A ƙarshen watan Nuwamban 1981 aka yi babban zaɓe a ƙasar Niyuzilan, kuma da aka gama ƙidaya sai lissafi ya ƙi zama. Jam'iyyar Leba ce ta fi kowa yawan ƙuri'u, da kashi 39 cikin ɗari, amma jam'iyyar National ta Firaminista Robert Muldoon, wadda ke bin bayanta da kashi 38.8, ita ce ta kwashe kujeru 47 daga cikin 92 ta ci gaba da mulkinta. Wata jam'iyya ta uku, Social Credit, ta samu fiye da kashi 20, wato cikin kowane mutum biyar da suka fito rumfa ɗaya ita ya zaɓa, amma kujeru biyu kacal ta tashi da su. Ba a saci akwati ba, ba a sauya alƙaluma a hanya ba, dokar ce haka ta tanada. Abin da ya ƙara wa mutane takaici shi ne karo na biyu ke nan a jere. A 1978 ma Leba ce ta fi ƙuri'u, National ta samu kujeru 51, Leba 40, Social Credit kuwa da kashi 16 ɗinta kujera ɗaya tilo aka sammata.

Tsarin gado ne daga Birtaniya, irin wanda Najeriya da Gana ke zaɓen 'yan majalisa da shi har yau. An yanka ƙasa mazaɓu-mazaɓu, kowace mazaɓa kujera guda, wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ɗaya ce shi zai ɗauke ta, na sauran 'yan takara kuma sun bi ruwa. Jam'iyyar da magoya bayanta suka warwatsu a faɗin ƙasa tana iya zuwa ta biyu a mazaɓu da dama ta koma gida hannu rabbana. Da mai zaɓe ya gane haka sai ya daina zaɓen wanda yake so, ya koma zaɓen wanda zai iya kayar masa da wanda ya tsana. Ta wannan hanya ce, tun daga 1936 da aka kafa National, mulki ya zama ƙwallo tsakaninta da Leba.

A Niyuzilan abin ya fi na Birtaniya tsanani, domin babu mai taka wa gwamnati birki. An rushe majalisa ta sama tun 1950, ƙasar ba ta da jihohi, ba ta kuma da kundin tsarin mulki guda da kotu za ta soke doka da shi. Ministoci ke juya 'yan majalisar jam'iyyarsu, su kuma su juya majalisa, don haka mutanen da ba su fi cikin ɗaki ɗaya ba na iya kitsa doka yau ta fara aiki cikin 'yan kwanaki. Muldoon da kansa ya haɗa kujerar firaminista da ta ministan kuɗi, har a 1982 ya hana ƙarin albashi da na farashin kaya a ƙasar baki ɗaya. Wani malamin shari'a, Geoffrey Palmer, ya wallafa littafi a 1979 kan wannan iko marar linzami, kuma a shekarar ya shiga majalisa a tutar Leba.

Da Leba ta kayar da Muldoon a watan Yulin 1984, David Lange ya zama firaminista, Palmer ya zama mataimakinsa kuma ministan shari'a. Shi ya kafa hukumar binciken tsarin zaɓe a 1985 ƙarƙashin Mai Shari'a John Wallace. A watan Disamban 1986 hukumar ta miƙa rahoto da ya ba 'yan siyasa mamaki: a watsar da tsarin Birtaniya, a ɗauki na Jamus ta Yamma, wanda aka fi sani da haruffan MMP. Manyan jam'iyyun biyu suka karanta, suka ga abin da zai yi wa tukunyarsu, suka ajiye shi ya fara shan ƙura.

Da rahoton ya tsaya a nan har abada, ba don abin da gwamnatin Leba ta yi da tattalin arziki ba. Talaka da ɗan ƙwadago suka zaɓe ta, amma ministan kuɗinta Roger Douglas sai ya shiga abin da ko 'yan mazan jiya ba su taɓa kusanta ba. Ya janye tallafin manoma, ya saki dalar ƙasar ta nemi darajarta a kasuwa a 1985, ya ɗora harajin kashi 10 kan saye da sayarwa a 1986, ya mayar da hukumomin gwamnati kamfanoni masu neman riba, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. A rana ɗaya cikin watan Fabrairun 1988 aka rufe gidajen waya 432. A ƙaramin gari gidan waya shi ne banki, nan tsohuwa ke karɓar fanshonta, nan ake biyan kuɗin wayar tarho, nan ake jin labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Mutane suka wayi gari suka tarar da kwaɗo a ƙofa, alhali ba wanda ya gaya musu haka a lokacin neman ƙuri'a.

A tsakiyar wannan ne bakin Lange ya suɓuce. Ana muhawarar talabijin gabanin zaɓen 1987 sai ya yi alƙawarin kiran ƙuri'ar raba gardama kan tsarin zaɓe, abin da jam'iyyarsa ba ta taɓa amincewa da shi ba. Daga baya ya ce takardun da ke gabansa ne ya karanta ba daidai ba. Leba ta ci zaɓen, ta yi gum da maganar. Shugaban National, Jim Bolger, wanda shi ma ba masoyin MMP ba ne, ya ga sandar dukan abokin hamayya a ƙasa ya ɗauka: ya ce in aka zaɓe su a 1990, su za su cika alƙawarin da Leba ta saɓa. Kowa cikinsu yana ganin magana ce ta kamfe, iska za ta ɗauke ta.

Masu zaɓe suka hukunta Leba a 1990, bayan ta sauya firaminista har sau biyu cikin wata goma sha uku. National ta samu kujeru 67 daga cikin 97 da ƙasa da rabin ƙuri'u. An gudu ba a tsira ba. Sabuwar ministar kuɗi, Ruth Richardson, ta ɗora daga inda Douglas ya tsaya: a 1991 ta zabtare kuɗin tallafin marasa aiki da na iyaye masu reno su kaɗai, gwamnati ta yi dokar da ta karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago, harajin da ke kan fanshon tsofaffi wanda Bolger ya rantse zai soke sai ma aka ƙara shi. Rashin aikin yi ya haura kashi 10. A nan ne jama'a suka yanke hukuncin cewa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk wadda ka zaɓa manufa ɗaya za ta zuba maka.

Tura ta kai bango ranar 19 ga Satumban 1992, da aka yi zagayen farko na ƙuri'ar raba gardamar. Takardar ƙuri'ar tana da tambayoyi biyu: a sauya tsarin ko a bar shi, sannan in za a sauya, wanne cikin huɗu? Kusan kashi 85 suka ce a sauya, kashi 70 kuma suka nuna MMP. Shugaban Leba na lokacin, Mike Moore, ya ce jama'a ba magana suka yi ba, ihu suka yi.

Ga yadda tsarin yake a rumfa. Takarda ɗaya ce mai gida biyu. A hagu mutum zai zaɓi jam'iyya, a dama ya zaɓi ɗan takarar mazaɓarsa, kuma babu laifi ya raba, jam'iyya daban mutum daban. Ƙuri'ar hagu ce ke yanke rabon kowace jam'iyya a majalisa mai kujeru 120. In jam'iyya ta samu kashi 10, kujeru kimanin 12 ne haƙƙinta; in 'yan takararta sun ci mazaɓu uku, sai a cike mata tara daga jerin sunayen da ta wallafa tun kafin zaɓe, bi da bi daga sama. Sharaɗin shiga rabon shi ne ta kai kashi 5 ko ta ci mazaɓa aƙalla ɗaya.

Zagaye na biyu, wanda hukuncinsa zai zama doka, an haɗa shi da babban zaɓen 6 ga Nuwamban 1993. A nan masu kuɗi suka farga. Peter Shirtcliffe, shugaban kamfanin Telecom da gwamnati ta sayar a 1990, ya jagoranci yaƙin hana sauyi, suka cika talabijin da tallan tsoratarwa: za a samu 'yan majalisa marasa fuska waɗanda babu mazaɓar da ta zaɓe su, gwamnati za ta zama gamin gambiza marar ƙarfi. 'Yan majalisa su ma sun saka tasu ƙaya, domin sun rataya ƙarin kujeru zuwa 120 a wuyan MMP kaɗai, tsohon tsari kuma aka bar shi da 99, don wanda ya gaji da 'yan siyasa ya ji kamar ƙarinsu ake neman ya saya. Ɓangaren masu son sauyi, da kakakinsu Rod Donald, ba su da irin wannan aljihu. Hujjarsu mafi kaifi ita ce su nuna wa mutane su wane ne ke ce musu kada su sauya. Tazara ta ragu sosai, amma MMP ta tsallake da kashi 53.9.

Zaɓen da aka yi a ranar shi ma shaida ne a kan tsohon tsarin. National ta riƙe mulki da kashi 35, kujeru 50 cikin 99, har sai da ta naɗa ɗan Leba, Peter Tapsell, kakakin majalisa don rinjayenta ya ɗan samu sarari. Ƙawancen Alliance ya samu kashi 18 da kujeru biyu.

Wanda ya ɗauka an huta ya yi kuskure. A zaɓen farko na sabon tsari, 12 ga Oktoban 1996, National ta samu kujeru 44, Leba 37, sai jam'iyyar New Zealand First ta Winston Peters da 17. Peters ya kwashe kamfe yana caccakar National, yawancin waɗanda suka zaɓe shi sun zaci Leba zai bi. Ya bar ƙasa tana jira kusan wata biyu yana ciniki da ɓangarorin biyu, sannan ya rungumi National, ya karɓi kujerar mataimakin firaminista da ta ma'aji. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu a watan Agustan 1998. Kafin nan wata 'yar majalisa, Alamein Kopu, wadda jerin Alliance ya shigar, ta fice daga jam'iyyar ta riƙe kujerar, daga baya ta mara wa gwamnati baya. Sauya sheƙa ya yi yawa har ya samu suna, tsalle daga kwalekwale, daga kalmar waka ta harshen Maori, mutanen asalin ƙasar, kuma sai da aka yi masa doka a 2001, aka sake yin wata a 2018.

Inda sauyin ya fito fili shi ne fuskokin da ke zaune a majalisa. Mata sun tashi daga 21 a 1993 zuwa 35 a 1996. Kujerun da aka keɓe wa 'yan Maori, waɗanda suka tsaya a huɗu tun 1867, sun zama biyar, daga baya bakwai. Ta jerin Leba ne Ashraf Choudhary, haifaffen Pakistan, ya zama Musulmi na farko a majalisar a 2002. Ta nan kuma Ibrahim Omer ya shiga a 2020, mutumin Eritiriya da ya yi gudun hijira a Sudan, ya kuma yi aikin shara da goge-goge a jami'a a Wellington kafin ya yi karatu a cikinta. A tsohon tsari da wuya babbar jam'iyya ta yarda ta ba irinsu tikitin mazaɓa mai tabbas.

Da aka sake tambayar jama'a a 2011, kusan kashi 58 suka ce a bar MMP. A shekarar ce 'yan Birtaniya suka yi watsi da nasu ɗan ƙaramin gyaran da kusan kashi 68, a Kanada kuma Justin Trudeau ya yi alƙawarin sauyi a 2015 ya janye a 2017 bayan tsohon tsarin ya ba shi rinjaye. Wannan ne ya sa labarin Niyuzilan ke da wuyar maimaituwa: wanda tsari ya ɗora kan kujera shi ake roƙo ya rushe tsarin, kuma a can ma kuskure da gasar alƙawari ne suka buɗe ƙofar, mutanen da suka fusata suka danna ciki kafin a rufe.

Jam'iyyun biyu dai ba su mutu ba. Duk firaministan da aka yi tun 1996 ɗan Leba ne ko ɗan National, sai dai yanzu dole ya nemi abokin tafiya. A 2017 National ta fi kowa da kashi 44, amma Peters ya sake zama mai naɗa sarki, ya miƙa wa Jacinda Ardern ta Leba mulki. Sau ɗaya tak, a 2020, jam'iyya ta samu rinjaye ita kaɗai, lokacin da Leba ta kai kashi 50 ta ɗauki kujeru 65.

Akwai kuma ramin da har yau ba a cike ba. A 2008 jam'iyyar ACT ta samu kashi 3.65 amma ta shiga da mutum biyar, saboda shugabanta ya ci mazaɓar Epsom da ke Auckland, yayin da New Zealand First da kashi 4.07 ba ta samu ko ɗaya ba. Hukumar zaɓe ta ba da shawara a 2012 a toshe wannan kafa, a kuma rage sharaɗin kashi 5 zuwa 4. Gwamnatin National, wadda ke cin moriyar kujerar Epsom ta hannun ƙawarta ACT, ta ce jam'iyyu ba su cimma matsaya ɗaya ba, ta ajiye rahoton. Da kashi 5 ɗin da kafar Epsom ɗin aka shiga zaɓen 2023.