Dogon da anka ce zai ƙetaro Sahara ya iso Yamai: su wa sunka ɗauki tsakuwarsa?



Duk ranar da munka buɗe layi a rediyo kan maganar hanya, sai an samu wanda ya kira ya ce: "To mu jirgin ƙasa fa, sai yaushe?" Tambayar ga ta girmi mai yin ta, ta girmi jamhuriyar Nijar kanta. Sama da shekara 140 ke nan ana zana layin dogo bisa taswira yana nufo mu. Yau za mu bi sawunsa, kuma a hanya za mu ci karo da wasu mutane da ba mu saba jin sunansu cikin tarihinmu ba, wato Yahudawa.

A 1879 wani injiniyan Faransa mai suna Adolphe Duponchel ya fitar da littafi yana cewa a haɗa Aljeriya da kogin Kwara da layin dogo. Gwamnati ta ɗauki maganar, ta tura Kanal Paul Flatters ya auno hanya. A tafiyarsa ta biyu ya taso daga Wargala da mutum wajen 90. Ran 16 ga Fabrairu 1881 Abzinawan Ahaggar sunka tare shi a bakin wata rijiya, sunka kashe shi da mutanensa da dama. Waɗanda sunka tsira sunka juya arewa a ƙasa, ba raƙuma, ba guzuri, ƴan ƙalilan ne sunka kai gida. Daga nan Faransawa sunka naɗe taswirar sunka sa a akwati.

Kafin su sake buɗe ta, dogo ya riga ya matso mu daga kudu, ta hannun Ingilishi. Ya iso Kano a 1911, Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Shi ya sa gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bi ta Kano kafin ta ga teku, shi ya sa kuma kakanninmu Adarawa masu fatauci da cin rani a Najeriya sunka fara ganin jirgin ƙasa da idonsu. Na Faransa da ya taso daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, ya ja birki. Har gobe nan yake.

A lakwal an koya muna kiran da Janar de Gaulle ya yi daga Landan ran 18 ga Yuni 1940, mun hardace shi don jarrabawa. Abin da ba a tsaya an faɗa muna da kyau ba shi ne, ƙasarmu ba ta bi de Gaulle ba a lokacin. Gwamna Pierre Boisson na Dakar ya bi gwamnatin Marshal Pétain ta Vichy, wadda ta haɗa kai da Hitila. Ke nan Tawa da duk Adar suna ƙarƙashin Vichy har watan Nuwamba 1942. Gwamnatin nan ce a Oktoba 1940 ta kafa dokar ware Yahudawa: ba aikin gwamnati, ba koyarwa, ba aikin jarida. A watan dai ta soke dokar Crémieux ta 1870, Yahudawan Aljeriya sunka wayi gari ba su da takardar zama ƴan ƙasa. Har a nan Afirka ta Yamma, inda Yahudawan ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, an bi su an rubuta sunayensu.

Ita ce kuma gwamnatin da ta buɗe akwatin taswira. Ran 22 ga Maris 1941 ta sa hannu kan dokar gina layin da anka kira Méditerranée-Niger. Zai taso daga Bu Arfa a gabashin Maroko, ya bi Colomb-Béchar, Adrar da Reggane, ya keta Tanezruft, ya sauko arewacin Gawo, can ya rabu biyu: reshe guda ya nufi Segu inda ake noman auduga da shinkafa na Office du Niger, ɗayan ya biyo kogi zuwa Yamai. Sama da kilomita 3,000. Ƙasar da anka ci da yaƙi, ba ta da ƙarfe, ba ta da mai, ina za ta samu ƙarfin wannan aiki? Abu guda ne take da shi a banza: mutanen da ta tsare.

Ku ji su wa ne. Akwai ƴan Spaniya da sunka gudo daga Franco a 1939. Akwai Yahudawan Jamus, Ostiriya da Polan da sunka tsere wa Hitila, sunka shiga rundunar baƙi ta sojan Faransa da ƙafarsu don su yaƙe shi. Da Faransa ta faɗi, maimakon a sallame su da godiya, sai anka karɓe bindiga anka ba su shebur da diga. Akwai kuma Larabawa da Barbar na yankin da anka tara kan ladan da bai kai ya kawo ba. An zuba su a sansanoni gefen hamada: Berguent, inda kusan duka tsararrun Yahudawa ne, da Bu Arfa, da Colomb-Béchar, da Kenadsa inda ake haƙar gawayin da jirgin zai sha. Aikin shi ne fasa dutse, ɗaukar tsakuwa, share rairayin da iska ke maidowa kowane dare. Mu da munka san zafin watan Afrilu da ɗarin Janairu a daji ba sai an yi muna dogon bayani ba. Ruwa da awo, tufafi tsumma, zazzaɓin ƙwarƙwata da atini suna ɗibar mutane.

Akwai wani horo da waɗanda sunka tsira sunka ba da labarinsa, ana ce mashi "kabari". Mutum zai haƙa rami daidai tsawonsa, ya kwanta ciki dare da rana, kwana da kwanaki, in ya motsa a jefe shi ko a buge shi. Sansanin Hajarat M'Guil kusa da Ain Sefra shi ya fi ƙaurin suna, an kashe mutane da duka a can. Bayan sojan Amurka da Ingila sun sauka Afirka ta Arewa ran 8 ga Nuwamba 1942, an ɗauki watanni kafin a buɗe ƙofofin sansanonin. A 1944 kotun soja a Aljas ta gurfanar da masu gadin Hajarat M'Guil, wasu anka yanke masu hukuncin kisa.

Duk wannan wahala, dogon ina ya kai? Ya haɗa Bu Arfa da Colomb-Béchar da Kenadsa. Bayan yaƙi anka ɗan ƙara shi zuwa Abadla a 1948, shi ke nan. Ko kashi ɗaya cikin goma bai ci ba. Da ya ci gaba da saukowa kudu kuwa, mun san wuyan wa zai ɗauki sauran tsakuwar, don a shekarun nan ne kwamandan ke aiko wa sarakuna adadin mazajen da yake so don aikin hanya, kuma ba a soke aikin dole ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. Bayahuden Berguent da talakan Adar, mai bulala guda gare su.

Bari mu ɗan ratse, don taswirar nan ta bi ta wani wuri da ya shafe mu. Adrar da Reggane suna cikin yankin Tuwat, babbar mashigar ayarin Sahara. A garin Tamantit na Tuwat Yahudawa sun zauna ɗaruruwan shekaru, maƙeran zinariya ne da dillalai, har wani ɗan kasuwar Genoa mai suna Antonio Malfante da ya sauka can a 1447 ya rubuta cewa suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari. Wajen 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya yi fatawar cewa sun karya sharuɗɗan amana, anka rushe wurin ibadarsu, anka kashe wasu, saura sunka watse. Al-Maghilin nan dai shi ne wanda muka sani, wanda ya biyo ta Abzin, ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta mashi nasihar mulki, ya je Katsina, ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu a Gawo. Malami ne babba, ba mu isa mu rage mashi daraja ba. Amma tarihi ya ajiye muna wani abu da ba a cika faɗa ba a wa'azi: malaman zamaninsa ba su taru sun yarda da shi ba. Alƙalin Tuwat kansa, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi. An aika tambaya Fas, Tilimsan da Tunis, wasu sunka goyi bayan Shehu, wasu sunka ce mutanen amana ne, ba a taɓa su. Kuma da labari ya iske shi a Gawo cewa an kashe ɗansa a Tuwat, ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke garin, sai Malam Mahmudu ɗan Umar na Tumbutu ya ce waɗannan ba su yi laifin komai ba, anka sake su. Mu dai a ganinmu, wannan hukunci na Malam Mahmudu ya kamata yaranmu su sani kamar yadda sunka san sunan al-Maghili.

Mun san abin da wasu za su rubuto: "Ku ba ku ganin Gaza?" Muna gani, kuma mun faɗa a iska ba sau ɗaya ba cewa abin da gwamnatin Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa zalunci ne. Sai dai mutumin da anka kwantar cikin rami a Bu Arfa a 1941, ƙasar Isra'ila ma ba a kafa ta ba sai 1948. A bakinmu "Bayahude" ya zama zagi na yau da kullum: mai rowa Bayahude, mai tsada a kasuwa Bayahude, yaron da ya yi boko ya canja ra'ayi Bayahude, alhali mafi yawanmu ba mu taɓa ganin ko guda ba. A zamanin Vichy ɗin nan, da anka buɗe wa mutane ƙofar riƙe dukiyar Yahudawa da anka ƙwace, an ruwaito limaman Aljas sun hau mumbari sun gargaɗi Musulmi kada su sa hannu. Su maƙwabtansu ne, sun san su.

Mu koma kan dogo. A 1959 Nijar da Dahomey sunka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa, wadda daga baya ta zama OCBN. Shekara da shekaru Nijar na da hannun jari a kamfanin jirgi, ba ta da ko taƙi guda na dogo a ƙasarta, kaya su sauka Paraku a ɗora wa manyan motoci. Da uraniyom ya yi kuɗi, kwalta anka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit, kuma duk mai bin ta ya san halin da ta shiga daga baya. A Afrilu 2014 shugaba Issoufou Mahamadou, ɗan jiharmu, ya buɗe tashar jirgi a Yamai tare da shugabannin Benin da Togo. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa wajen kilomita 140 zuwa Doso, anka yi buki a Janairu 2016. Amma shari'a ta riga ta tashi a Benin tsakanin Bolloré da attajiri Samuel Dossou kan wa ke da haƙƙin aikin. Ba a haɗa Doso da Paraku ba, jirgin bai yi jigilar fasinja ko buhun albasa ba. In kuna cikin mota zuwa Yamai, ku duba gefen kwalta, ga shi nan kwance.

Abin da ya fi kama da gaske yanzu shi ne na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, wanda shugaba Buhari ya ƙaddamar a Fabrairu 2021, kamfanin Mota-Engil ke aikin. Daga kudu dai kuma, kamar 1911.

A Ingila, bayan rahoton Beeching na 1963 an rufe tashoshi sama da 2,000, galibi na ƙauye. Garin Okehampton ya rasa jirgin fasinja na kullum a 1972, ya maido shi a Nuwamba 2021, don mutanen gari da majalisar yankin Devon ba su bar maganar ta mutu ba. Irin waɗannan majalisu ne kuma da yawansu sunka zauna sunka jefa ƙuri'a kan ma'anar ƙyamar Yahudawa da ƙungiyar IHRA ta fitar a 2016, duk da akwai masu sukar ta cewa tana iya toshe bakin mai sukar Isra'ila. Ko ma dai mene ne, an yi gardamar a zauren gari, gaban waɗanda sunka yi zaɓe.

Mu namu kansilolin mun fara zaɓensu a Yuli 2004, an rushe majalisun a Afrilu 2024 an naɗa kantomomi. Komin kamar Bambeye ba ta iya sayen ko ƙusar dogo. Amma tana iya ƙirga dabbobin da ke fita kasuwanninta, da buhunan wake da albasa, da samarin da ke hawa mota kowace kaka, ta ajiye a rubuce, don ranar da za a sake buɗe taswira a Yamai a samu abin da za a aza bisa tebur tare da simintin Malbaza, albasar Galmi da gawayin Salkadamna. Layin Ƙaura Namoda tun 1929 ko Sakkwato bai ƙarasa ba, balle Illela, balle Ƙonni, kuma daga Ƙonni zuwa Tawa da sauran kilomita ɗari da ƴan kai.

Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da ta riƙe labarin aikin dole, wace hanya anka kai mutanen garinku, kwana nawa sunka yi, wa ya dawo wa bai dawo ba, ya ɗauko muryarta a waya ya turo muna. Za mu sa a shirinmu na mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.