Hannun Jarin Kamfanonin Mai da Kasuwar Ƙauye



Akwai wani zato da ya daɗe yana yawo, cewa wai farashin hannun jarin kamfanonin mai madubi ne na arzikin ƙasa: in ya hau an samu, in ya faɗi kowa ya ji a jika. Ina so mu auna wannan zato da mudun wuri guda, wato Kafin Hausa ta ƙasar Haɗeja.

Kasuwar hannun jari ta Ikko ta fara ciniki a 1961, amma sai bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, na 1972 da 1977, mutanenmu da dama suka sami hannu a kamfanonin sayar da mai irin su Total da Mobil. A tsakanin nan ne, daga 1973 zuwa 1974, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. Kuɗin nan bai iso ƙauye a matsayin ribar jari ba. Ta baitulmali ya biyo, ya zama ƙarin albashin Udoji, da kwangila, da azuzuwan firamare. Ma'aikaci ya karɓa, mahauci da tela suka gani a ranar kasuwa.

Muddin ta wannan hanya kuɗin ke zuwa, zaton yana da gaskiyarsa. Kamfanin haƙar mai na Seplat ya shiga kasuwa a 2014 ganga tana sama da dala 100. Kafin Janairun 2016 ta ƙare ta koma ƙasa da 30. Hannun jarinsa ya zube, kason jihohi ya tsuke, kuma a shekarar nan tattalin arzikin Nijeriya ya ja da baya.

To, amma ku dubi 2023. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A shekarar, ma'aunin hannun jarin kamfanonin mai ya fi ninki. Ni a ganina a nan ne madubin ya yi ƙarya, domin mai hannun jari yana gefen mai sayarwa ne, shi kuwa manomin rani na fadamar Haɗeja saye yake yi, tun da injin ban-ruwansa fetur yake sha. Waɗansu suka rage fili, waɗansu kuma suka juya injin ya koma aiki da tukunyar gas ta girki.