Yadda za ku sa wa kwamfutar tebur Wi-Fi da Bluetooth da kayan tsohuwar kwamfutar hannu

Yawancin kwamfutocin tebur na hannu-biyu da ake aiki da su a ofisoshi da makarantu ba sa kama intanet sai an jona musu waya. Amma kwamfutar hannu da ta mutu, sau da yawa katinta na Wi-Fi yana nan da lafiyarsa. Kada ku yar da ita kafin ku ciro shi.

Ku fara sanin irin katin

Za ku same shi a ƙarƙashin murfin baya, da siraran wayoyi biyu maƙale a jikinsa, galibi fari da baƙi. Iri biyu ne suka fi yawa: Mini PCIe, mai faɗin milimita 30, da M.2, mai faɗin milimita 22. Ku karanta lambar da ke jikinsa. Intel 7260 da 9260 da AX200 suna ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth gaba ɗaya. Intel 9560 da AX201 kuwa ba su amfanar ku a wannan aiki, domin wani sashen aikinsu yana cikin babban allon kwamfutar da aka ƙera dominsu.

Abin da za ku saya

Kuna bukatar adafta wadda ta dace da katin, mai shiga ramin PCIe x1 na babban allo, tare da eriya biyu da wayoyinsu. Ku lura: bakin eriya na katin M.2 ya fi na Mini PCIe ƙanƙanta, saboda haka wayar wannan ba ta kama wancan.

Inda aka fi yin kuskure

Kati ɗaya ne, amma hanyoyinsa biyu. Wi-Fi yana bi ta ramin PCIe, Bluetooth kuwa ta USB yake bi. Shi ya sa adafta take zuwa da wata ƙaramar waya wadda ake jonawa a wurin USB mai tsinke 9 da ke kan babban allo. In kun manta da ita, intanet zai kama, amma Bluetooth ba zai bayyana ba, har ku zaci katin ne ya lalace.

Matakan aiki

1. Ku sauko da direban katin a wata na'ura tun kafin ku fara, ku ajiye a kile USB.
2. Ku cire wayar kuran daga bango, ku danna maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita.
3. Ku taɓa ƙarfen akwatin kafin ku taɓa katin. A lokacin hunturu jiki yana tara wutar da take iya ƙona shi.
4. Ku sa katin a adafta, ku ɗaure shi, ku danna bakin eriya a tsaye a hankali, domin yana da saurin karyewa.
5. Ku sa adafta a raminta, ku jona wayar USB, ku rufe.

Eriya a waje take zama, domin ƙarfen akwati yana tare sigina.

Gargaɗi

Wasu tsofaffin kwamfutocin hannu suna da ɗan allon Bluetooth na dabam. Galibi da bolt 3,3 yake aiki, alhali USB bolt 5 take bayarwa. In kun jona shi kai tsaye, zai ƙone. Wannan aikin ku bar wa mai gyara wanda yake da na'urar awon wuta.