Bashi a Birnin Sakkwato: Daga Zamanin Wuri Zuwa Zamanin Banki

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma duk da haka harshensu bai tara al'amarin cikin kalma ɗaya ba. Akwai aro, watau a karɓi abu a yi amfani da shi a mayar da shi kansa. Akwai rance, wanda ake mayar da kwatankwacinsa ba daɗi ba ragi. Akwai jingina, inda gona ko riga ke zama hannun mai kuɗi har ranar fansa. Sa'an nan akwai bashi, wanda ya fi su faɗi. Yawan kalmomin nan shaida ce cewa mutanen ƙasar sun san cin bashi tun ba a gina banki ko ɗaya ba. Abin da ya sauya a birnin Sakkwato cikin shekaru ɗari biyu shi ne hanyar da wanda bashi ya yi wa katutu yake bi ya sami sa'ida.

Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa birnin cikin shekarar 1809, har Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa a 1815, kuɗin da ake ciniki da su a ƙasar Hausa wuri ne. Wuri kuwa kuɗi ne mai nauyi, mai wuyar ƙirga. Keso ɗaya, watau wuri 20,000, kusan kayan ɗan dako ne, alhali kuwa Bajamushen nan Barth ya tarar a Kano cikin 1851 ana ba da wuri 2,500 a bakin dalar azurfa ɗaya. Saboda haka babban ciniki ba ya yiwuwa hannu da hannu, sai dai lamuni. Majemi ya karɓi fatar jar akuya daga mahauci, baduku ya karɓi jemammiya daga majemi, kowa na jiran ranar kasuwa. Falke kuwa mai masaukinsa ne ke tsaya masa wajen mutanen gari. Shi kansa Barth, kafin ya iso Sakkwato a 1853, ya sha fama da masu binsa bashi a Kano, domin ya shiga garin aljihu wayam.

To, in mutum ya kasa biya fa? Da farko akan aika da dattijo ko dillalin da aka ƙulla cinikin a gabansa, a nemi jinkiri zuwa kaka ko zuwa komowar ayari. In abin ya faskara sai gaban alƙali, wanda ke hukunci da fiƙihun Malikiyya, da littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halil. Alƙali na iya tsare wanda ake zaton ya ɓoye dukiya har gaskiyarsa ta bayyana. Amma wanda aka tabbatar ya tsiyace, sai a raba abin da ya mallaka tsakanin masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa, a bar masa tufafin jikinsa da abin ci da iyalinsa na ɗan lokaci, sauran kuwa a saurara masa har ya sami yalwa, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umurni. Daɗin daɗawa, mai bashi a wuya yana cikin mutane takwas da aka halatta wa zakka. Watau dai tsakanin wanda ake bi da mai binsa akwai fili, kuma cikin filin nan maƙwabci da malami da alƙali suke shiga su yi magana.

Kada dai a ɗauka zamanin aljanna ne. Attajirai da sarakuna sukan biya manyan basussuka da bayi, har a raba uwa da ɗanta saboda cinikin da ba su san lokacin da aka ƙulla shi ba. A karkara kuma akwai falle, inda manomi ke karɓar damin hatsi ɗaya da damina ya biya biyu da kaka, malamai na hani, yunwa na tilastawa.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Cikin 1904 aka hana shigo da wuri, wanda tun kafin nan darajarsa ta zube saboda yawan wanda 'yan kasuwar Turai suka yi ta kwasowa daga gaɓar Afirka ta Gabas. Sannu a hankali anini da kwabo da sule suka maye gurbinsa, aka kuma ce haraji da jangali sai da kuɗin Bature. Nan ne bashi ya sami sabon tushe, domin haraji na da wa'adi, kuma dagaci ba ya jiran farashin gero ya tashi. Kamfanonin sayen fata da gyaɗa da auduga sukan ba wakilansu kuɗi tun gaba, su kuma su rarraba wa manoma a kan amfanin da bai nuna ba.

Sai kuma ga sabon mutum ya bayyana, watau ma'aikaci mai albashi. Malaman En'e da ake biya daga baitulmali ba su da yawa, amma da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kuma kafa jami'a a 1975, sai garin ya cika da akawuna da malaman makaranta da manyan sakatarori. Albashi ya bambanta da amfanin gona: an san yawansa, an san ranarsa, kuma ta banki yake biyowa. Babu jinginar da ta fi wannan daɗi ga mai ba da rance. Cikin 1975, shekara biyu bayan naira ta maye gurbin fam, aka biya ƙarin albashin Udoji tare da ariyas na wata tara. Aka sayi babura da rediyo, aka yi aure, farashin kaya ya tashi da fiye da kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Ariyas ya ƙare, sabo bai ƙare ba. Sai aka koma ga rancen mota da obadiraf, watau izinin da manaja ke bai wa mutum ya ciri fiye da abin da ya ajiye, a zare da kuɗin ruwa da zarar albashi ya shigo.

A nan ne filin nan ya soma rufewa. Majemin da ake bi bashi kuɗinsa na shiga hannunsa tukuna, sa'an nan ya zaɓi wanda zai biya da wanda zai roƙa. Ma'aikaci kuwa an riga an zare kafin ya gani. Da kuɗin man fetur suka ja baya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sai ma'aikata da yawa suka shiga cin sabon bashi don biyan tsoho. Abin da ya rufa musu asiri ba sabon abu ba ne: adashi a ofis, littafin mai kanti, kiwon rago na matar gida, da gonar fadama a bakin gulbin Rima.

Katin cin bashi irin na Amurka bai yi saiwa a nan ba. Yawancin katunan da ke aljihun mutane na cirar abin da suka ajiye ne. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 bisa tsarin da babu kuɗin ruwa, wanda ya sauƙaƙa wa masu gudun riba, ko da yake wa'adin biya na nan daram. Daga Agustan 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna ikon bin lambar BVN su zare bashin da ya wuce wa'adi daga ajiyar mutum a kowane banki, har sauya banki ya daina zama mafaka.

Mafi tsanani su ne manhajojin ba da rance ta wayar hannu. Ba sa neman gona ko mai tsayawa. Lambobin da ke cikin wayar mutum su ne jinginarsu. In ya yi latti, wasunsu sai su aika wa surukinsa da shugabansa na ofis saƙo cewa wane macuci ne. Mutanen da a da ake zuwa wurinsu neman ceto, su ne aka mayar bulalar dukansa. Cikin Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, daga baya kuma cikin shekarar ta wajabta musu yin rajista kafin su ba da rance.